Ƙafar Kuloci

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau kwana tara da dawo da Baba daga asibiti. Ba zan rubuta abin da ya faru a bakin kanal ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ba, kowa a Kura ya riga ya ba da labarin yadda ya ga dama. Hannunsa na hagu ya fara dawowa, bakinsa ya kusa daidaita, ƙafar hagu kuwa tana nan kwance kamar ba tasa ba. Likitar gashin ƙashi ta ce watanni ukun farko su ne ranar kasuwa: in ya motsa ta yanzu akwai rabo, in ya bari ta sandare, shi ke nan. Ta nuna mana yadda zai riƙa tura tafin ƙafar a jikin tawul, sau ashirin safe da yamma. Ya yi sau biyu ranar farko, ya juya fuska bango. Wai shi Sammani Tarakta, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana huɗar gonakin Kadawa da Bunkure, ba zai zauna yana wasa da tawul kamar jinjiri ba.

Takalmin hagu ba ya zama a ƙafar, sai Iya ta ɗauke shi ta jefa saman kabad don kada ya riƙa ganinsa. Na dama kaɗai ke ƙofar ɗaki. Duk wucewar da zan yi sai idona ya faɗa kansa.

Ni kuma na gudu wurin jirgina. In wani ya tsinci littafin nan, kada ya ce Abuzar mai gyaran injin ban-ruwa ya haukace. Shekara huɗu ina haɗa shi a ɗakin zaure: kujerar tsohuwar mota, talabijin, kwamfuta, sandar tuƙi ta bututun ruwa, da feda biyu a cikin akwatin katako. In ka zauna ka kunna, filin jirgi ne a gabanka, ka tashi ka sauka kamar gaske. Baba ke kiransa jirgin da bai taɓa ƙetare katanga ba, ni kuma yana kirana Kyaftin, ba don girmamawa ba.

Talata, 8 ga Afrilu, da safe

Tawul: bai taɓa ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Ya yi magana!

Na dawo daga gyaran wani inji a Bunkure, rana ta gasa ni, na zauna a jirgi don in huce. Matsalata ta kullum birki ce. Birkin jirgi a saman feda yake, ka danna da yatsun ƙafa, hagu ta kama tayar hagu, dama ta kama ta dama. Ni kuwa makunnin ƙararrawar ƙofa na saka a bayan kowace feda, ko dai babu birki, ko ya kama gaba ɗaya. Sau uku ina sauka lafiya ƙalau, ina taɓa birki jirgin ya wulwula ya faɗa ciyawa. A na huɗu na buga katakon na ce wannan birki ɗan banza ne.

Tagar Baba tana kallon zauren. Sai na ji muryarsa, a hankali, harshen yana ɗan nauyi: "Kyaftin, me ya yi maka?"

Na leƙa na ce, "Baba, kamawa yake gaba ɗaya, ba ya jin lallashi."

Har na zata ya koma bango. Can ya ce, "Birkin da ba shi da rabi ai ba birki ba ne, tuntuɓe ne."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun ranar nan. Iya tana tsakar gida tana turara shinkafa, ta tsaya da ludayi a hannu. Ni kuwa a nan take wata dabara ta faɗo min, kuma ba zan faɗa wa kowa ba sai ta yi.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan azahar

Na kwance tsohuwar amfilifayar da ta ƙone a shagona, na ciro abin ƙara murya guda biyu, irin na turawa sama da ƙasa. Shi ai ba ya tsalle daga shiru zuwa ihu, sannu a hankali yake hawa, kuma abin da nake so birki ya yi ke nan. Na kai fedojin wurin abokina Salisu mai walda ya yanke kawunansu, ya sa musu fata irin ta ƙofa don su riƙa lanƙwasawa, ya ɗaura sifirin a baya.

Salisu ya ce, "Mutumina, babanka na kwance kai kana yi wa jirgin ƙarya birki?"

Na ce ya yi waldarsa kawai. Amma maganar ta tsaya min a rai har na iso gida, domin na san rabin unguwa haka suke faɗa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

Alhamdu lillahi, ya yi!

Jiya wuni na yi ina fama. Sandunan da ke nuna ƙarfin birki a talabijin sai rawa suke ba wanda ya taɓa su, ashe wata waya ce dalmarta ba ta kama ba. Na sake narka ta, na nuna wa kwamfutar inda feda ke hutawa da inda take ƙurewa. Yanzu in na taɓa da ɗan yatsa, sanda ta nuna biyar. In na ƙara, talatin. In na danne, ɗari. Hagu daban, dama daban. Na sauka sau shida, sau shida jirgi yana tsayawa a tsakiyar titi kamar an ja masa layi. Na fito zaure ina tafa wa kaina, akuyar maƙwabta tana kallona.

Ba don saukar na yi ba, amma saukar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban ce masa magani ne ba, da na faɗa da ko kallona ba zai yi ba. Cewa na yi, "Baba, na yi wa birkin rabi, amma ban yarda da shi ba. Sai wanda ya san birki ya duba min."

Ya ce, "To ɗauko ni. In ƙarya ce zan faɗa maka."

Ni da Salisu muka ɗauko shi a kujera. Ya yi sauƙi a hannu, ban so hakan ba. Na sa wa fedojin sakata don kada su zame gaba da baya, birki kaɗai ke aiki, na ɗora masa kowace ƙafa a mazauninta cikin akwatin. Ya taka dama, sanda ta hau sumul har tamanin, ya sassauta ta zuwa arba'in ya riƙe ta a nan ko motsi ba ta yi. Ni da na haɗa abin ban iya haka ba. Ya ce, "Ba laifi."

Na ce, "Saura hagu."

Gumi ya karyo masa. Jirgin yana ta juyawa dama a wuri ɗaya. Sandar hagu ba ta ko girgiza ba. Ya ce a mayar da shi ɗaki, zauren akwai zafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

Hagu: sifili. Amma shi ya ce a kawo shi.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Hagu: sifili.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi

Hamsin da takwas!

Ina tsaye bayan kujerarsa ina kallon talabijin, sai kawai sandar hagu ta miƙe, goma, talatin, hamsin da takwas, jirgi ya juya hagu ya shiga kwana tsaf. Na yi kabbara har Iya ta rugo ba mayafi. Na nuna mata sandar, ba ta gane komai ba amma ta fashe da kuka. Baba dai ya ɗaure fuska irin ta manya. Gobe Iya za ta soya waina a raba sadaka.

Ina ma likitar nan ta gani. Tawul ɗinta dai ta riƙe kayanta.

Talata, 22 ga Afrilu, da safe

Jiya saba'in. Na je har shagon Salisu na faɗa masa, na ce ya maimaita maganar jirgin ƙaryar in ya isa. Ya ce ya janye, ya saya min zoɓo mai ƙanƙara.

Abu ɗaya ne kawai: a kan gado ƙafar tana nan yadda take. Wataƙila sai a hankali.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan sallar Juma'a

Murna ta koma ciki.

Ƙanwata Murja ta zo daga Madobi duba Baba, na ce ta zo ta ga abin mamaki. Muka zaunar da shi, ya fara, sandar hagu ta hau sittin. Ana cikin haka ɗan kunnenta ya faɗi, ta durƙusa nema a gindin akwatin fedoji. Ta daɗe a durƙushe. Da ta ɗago sai ta ce, "Yaya, zo ka gani."

Ƙafar hagu tana gefe, ta zame daga feda, tana kwance a kan katako. Ƙafar dama ce ke tsallakawa, ta taka wannan, ta dawo ta taka wancan, da sauri da gwaninta kamar mai saƙa. Kwana biyar ina yi wa ƙafar dama kabbara. Har waina aka soya mata.

Na ce, "Baba, haba! Me ya sa za ka yi min haka?" Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai yau, Allah ya yafe min.

Bai kalle ni ba. Ya ce, "A tarakta birki biyu ne, kuma duk na ƙafar dama ne. In za ka juya a bakin gona, ka zare sakata ka taka ɗaya. Wa ya taɓa taka birki da hagu? Hagu ta kuloci ce." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma na ga kana murna."

Murja ta fita da gudu. Ni na kashe talabijin.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ban buɗe zauren ba. Shi ma bai tambaya ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Wata guda ya kusa tafiya cikin ukun. Na ƙirga a yatsa sau uku ko lissafin zai canja.

Na tarar da Iya ta sauko da takalmin daga saman kabad tana kakkaɓe shi, da ta gan ni ta yi kamar za ta ɓoye. Na zauna kusa da ita. Ta juya shi ta nuna min ƙasansa, ya cinye a gaba har ya kusa hujewa, alhali na daman nan da ke ƙofa da sauransa.

Ta ce, "Tun aurenmu haka yake. Na hagu ke fara mutuwa. In na yi ƙorafi ya ce kuloci ne ke cinye shi. Yanzu fa ya bar tuƙi shekara shida, amma in yana zaune a tabarma yana jin rediyo, ƙafar nan dannawa take tana saki. Ka tuna?"

Na tuna. Muna yara har kwaikwayonsa muke yi.

Ni ne wawa. Na je ina roƙon ƙafa ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba, alhali akwai wanda ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi.

Talata, 29 ga Afrilu, bayan azahar

Na goya Salisu a babur muka tafi Kadawa. Taraktar da Baba ya fi daɗewa a kanta tana nan a bayan wani gareji, ba taya, ba inji, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Mai garejin ya ce in dai don Sammani ne mu kwance duk abin da muke so, shi ne ya koya masa juya haron huɗa a bakin kanal ba tare da ya rushe gaɓa ba. Notin ya yi tsatsa, sai da Salisu ya gasa shi da wuta. Fedar kulocin ta fito da sifirin ɗinta. Zanen da ke kan ƙarfen ya shafe a gefe guda, ya yi sulɓi yana sheƙi, daidai faɗin ƙafar mutum ɗaya.

A hanya na rungume ta a cikin riga, Salisu yana tuƙi yana cewa ko amarya ba a riƙe haka.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

Na cire kan fedar hagu na ɗora ta kuloci a wurin. Sifirin ɗin tarakta ya fi ƙarfin mai lafiya ma, balle Baba, sai na ajiye shi na bar mai laushin. Na haɗa abin ƙara muryar da ɗan ƙarfe, na sake saiti. Sannan na kafa katako a tsakanin fedojin biyu, tsayinsa har gwiwa. Na cire murfin akwatin gaba ɗaya. Mu ga ta inda ƙafar dama za ta tsallaka.

Na shiga na gaishe shi na ba shi haƙuri kan ranar Juma'a. Ya ce ya wuce. Na ce akwai abin da nake so ya gani gobe. Ya ce, "Jirginka dai?" Na ce a'a, nasa ne.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Ya gane ta tun kafin mu sauke shi. Ya sa hannu ya shafa wurin sulɓin nan, ya ce, "Ina ka samo wannan?" Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallonta, ni kuma na juya ina gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Na ɗora masa ƙafar, ba takalmi, ta zauna a gurbin kamar an auna. Ban ce birki ba. Na kunna ƙarar inji na ce, "Baba, za mu sa giya. Taka kuloci."

Ya rufe ido. Hannunsa na dama ya tafi neman giya a iska. Ni ina durƙushe, ido ɗaya a ƙafa, ɗaya a talabijin. Babban yatsan ya motsa. Ƙarfen ya yi ɗan ƙara. Sanda ta nuna huɗu.

Huɗu kawai, amma da idona na ga ƙafar da ta yi shi. Ban yi kabbara da ƙarfi ba wannan karon, a ciki na yi. Baba ya buɗe ido ya ce, "Nawa?" Na ce huɗu. Ya ce, "Cikin ɗari?" Na ce e. Ya ja tsaki ya ce, "Sake kunnawa."

Lahadi, 4 ga Mayu

Hagu: bakwai.

Laraba, 7 ga Mayu, da safe

Sha ɗaya jiya. Yanzu sau biyu yake zuwa, da hantsi da bayan la'asar, kuma in na makara a wurin aiki sai ya aika Iya ta kira ni a waya wai direba yana jira.

Asabar, 10 ga Mayu, da yamma

Uku. Ƙafar ta kumbura, ya yi fushi, ya ce a cire masa wannan tarkacen daga gabansa. Na jiƙa tawul ɗin likita da ruwan ɗumi na gasa masa ita, ga amfanin tawul ya fito. Ina jin tsoro, in faɗi gaskiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Sha tara. Sannu ba ta hana zuwa.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan azahar

Mun je asibiti. Likitar gashi ta sa tafin hannunta a ƙarƙashin ƙafarsa ta ce ya tura, ya tura har hannun ya ja baya. Ta ce, "Baba, ashe ana yin aikin tawul!" Ya ce, "Ana yi, 'yata," ko kunya babu. Na nuna mata hoton jirgin a waya. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce kada mu fasa, kuma a fara tsayar da shi da sanda.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe shida saura

Zan rubuta wannan a tsanake don kada in manta komai.

Hagu ta kai talatin da biyar tun shekaranjiya ta tsaya a nan. Ni a tunanina sai ta kai ɗari za mu gwada sauka. Baba ya ce, "Kai dai ba ka taɓa huɗa da shanu ba. In ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, mai ƙarfin ake ja wa igiya ya bi tafiyar ɗan'uwansa. Ka sauko da jirgin, ka bar min ƙasa."

Murja ta zo, Salisu ya rufe shago ya zo, Iya ta tsaya a bakin ƙofa. Na riƙe sandar tuƙi daga gefe, na kawo jirgin a hankali, tayoyi suka taɓa titi. Na ce, "Baba, naka ne."

Sandar hagu ta tashi tana rawa, sha biyar, ashirin da biyar. Ta dama ta biyo ta a baya, ba ta wuce ta ko da ɗaya ba. Jirgi ya ɗan karkata dama, na ji Salisu ya ja numfashi. Baba ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta fito, hagu ta ƙara, talatin da uku, talatin da biyar, talatin da takwas. Hancin jirgin ya dawo kan farin layi. Gudu ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya tsaya cak a tsakiyar titi, da sauran fili a gaba.

Murja ta rangaɗa guɗa a cikin zaure har kunnena ya toshe. Salisu ya ɗaga ni sama. Ni kuka nake, ba zan yi ƙarya a littafina ba.

Baba ya bari muka gama haukanmu. Ya share gumi da hularsa ya ce, "Kyaftin, kulocin nan naka ya yi laushi, na mata ne. Ina sifirin ɗinsa na asali?" Na ce yana nan a ajiye. Ya ce a mayar masa da shi kafin ƙarshen wata.

Muka matso za mu ɗauke shi a kujera kamar kullum, ya ɗaga mana hannu. Ya ce a miƙo masa sanda. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ƙafar hagu ta taka simintin zaure, ranar da ke shigowa ta ƙofa ta gasa shi tun safe, ya ɗan janye ta da sauri.

Ya juya wurin Iya ya ce, "Ke kuma kin tsaya kallo. Ƙasa da zafi. Ina ɗaya takalmin nawa?"